Tambaya da Amsa: Yaya Abin da Aka Yanka Gunduwa-gunduwa Zai Fi Dunƙulalle Ƙwari?

Daga cikin wasiƙun da suka iso filin nan a wannan wata, huɗu sun faɗo kan magana guda ta fuskoki daban-daban, wato yadda masana kimiyyar ƙere-ƙere suke harhaɗa ƙananan gutsattsari masu sarƙe juna domin su samar da kayan da ba sa saurin fashewa. Mun haɗa su wuri ɗaya, kuma mun ba wasiƙar farko fili mai yawa saboda a kanta sauran suka ginu.

Tambaya daga wani magini a Zariya: Malam, assalamu alaikum. Shekarata 26 ina sana'ar gini. Shekara huɗu da suka wuce na yi aiki a wani gidan mai, inda muka zuba daɓen kankare a ɓangare guda, muka shimfiɗa intalok a ɗaya ɓangaren. Yau kankaren ya dare tun daga bakin famfo har zuwa titi, shi kuwa intalok kullum tankokin mai suna bi ta kansa, amma ban da ɗan lotsawa a wuri biyu babu abin da ya same shi. Ɗana da ke karatun injiniya ya ce mini a ƙasashen waje har gilashi ake tsagawa da gangan don ya ƙara ƙwari. Ta yaya abin da aka riga aka yanka zai fi wanda yake a dunƙule?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗanka bai yi maka ƙarya ba, kuma abin da ka gani da idonka a gidan man nan shi ne ainihin abin da ake nazari a kansa a manyan jami'o'i, sai dai su gutsattsarin nasu wani lokaci ido ba ya iya ganin su.

Sai mu fara raba abubuwa biyu da muke haɗawa a kalmar ƙwari. Akwai ƙarfi, wato yawan nauyin da abu zai ɗauka kafin ya gaza, akwai kuma juriya, wato yawan wahalar da abu zai sha bayan ya fara samun rauni kafin ya rabu biyu. Farantin tangaran yana da ƙarfi ƙwarai, domin za ka iya ɗora masa nauyi mai yawa bai lanƙwashe ba, amma idan ya suɓuce daga hannu sai tsintar gutsattsari. Kwanon silba ba shi da wannan ƙarfin, da ɗan yatsa ma kana iya lotsa shi, amma ya faɗi sau ɗari iyakarsa ya lauje, a buga shi ya koma. Tangaran, gilashi, dutse da kankaren da ba rodi duk 'yan gida ɗaya ne: suna da tauri, suna kuma da gautsi. Abin da ya daɗe yana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya shi ne, galibi duk dabarar da ta ƙara wa abu tauri sai ta ƙara masa gautsi, wadda ta rage gautsin kuma sai ta tafi da wani kaso na taurin.

Dalilin gautsi yana wurin tsaga. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna A. A. Griffith ya bayyana a 1921 cewa gilashi ba ya fashewa don ƙwayoyin jikinsa ba su da ƙarfi, yana fashewa ne saboda 'yan ƙananan tsagogi da ke jikinsa tun daga wurin ƙira, waɗanda ba a ganin su. Idan aka ɗora nauyi, ƙarfin ba ya rarrabuwa daidai, sai ya taru a bakin tsagar, kuma gwargwadon tsinin bakin da tsawon tsagar, gwargwadon yawan abin da zai taru. Kowane mai sayar da yadi ya san wannan ba tare da lissafi ba, domin ba ya jan atamfa da ƙarfin tsiya, almakashi yake sa wa ya ɗan tsaga bakinta, sannan ya ja sau ɗaya ta kece har ƙarshe. Daɓen kankarenka haka ya yi. Tsaga ɗaya ta fara a wurin da ƙasar ƙarƙashi ta zauna, kuma da yake daɓen jiki ɗaya ne, babu inda za ta tsaya ta huta, sai da ta kai titi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a abu mai gautsi tsagar ce da kanta ƙadangaren.

A intalok kuwa, idan bulo ɗaya ya fashe, tsagar tana tafiya tsawon tafin hannu sai ta iske iyakar bulon, ta faɗa cikin yashin da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, shi ke nan tafiyarta ta ƙare. Don ta shiga bulo na gaba sai ta fara daga farko. Ban da wannan, idan tayar tanka ta danne bulo, yakan ɗan motsa ya goga jikin maƙwabtansa, wannan gogayyar kuma tana shanye wani kaso na ƙarfin da da zai tafi wajen fasa kankare. Lotsawar da ka gani a wuri biyu ita ce kuɗin da aka biya, kuma kuɗi ne mai sauƙi, tunda ana iya ɗaga bulon a gyara yashi a mayar.

Wannan dabara ta girmi ɗan Adam da gininsa. A cikin ɓawon wasu halittun teku, irin waɗanda ake samun lu'ulu'u a cikinsu, akwai wani shafi mai sheƙi wanda kusan kashi 95 cikin 100 nasa wani ma'adini ne ɗan'uwan alli, wanda ake kira araganait, abu mai gautsin gaske. Sauran kashi 5 ɗin wani danƙo ne mai laushi da halittar take fitarwa daga jikinta. Idan aka duba da madubin ƙara girma mai ƙarfi, sai a ga ma'adinin a jere kamar bulo a bango, kowane falle kaurinsa kusan rabin maikiron ne (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), wato sai an jera sama da 100 kafin su kai kaurin silin gashi guda, danƙon kuma yana tsakaninsu a matsayin laka. Tsaga ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya a cikin irin wannan gini. Dole ta yi ta kewaye fallayen, tana hawa tana sauka, su kuma fallayen suna zamewa kaɗan-kaɗan a kan juna, kuma da yake gefensu ba sumul yake ba, duk zamewa sai ta ƙara matse su. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙarfin da ake bukata kafin a raba wannan shafi biyu yana iya ninka na zallar ma'adinin har kusan sau 3,000.

Batun gilashin da ɗanka ya faɗa maka kuma ya faru ne a Jami'ar McGill da ke birnin Montreal a Kanada. A 2014, Farfesa François Barthelat da abokan aikinsa sun ɗauki siraran gilasai irin na ɗakin gwaji, suka yi amfani da hasken leza suka zana layukan ƙananan tsagogi a cikin jikin gilashin, layukan suna lanƙwasa suna fitar da haƙora masu kai da wuya waɗanda suka shige cikin juna, sannan suka ɗura roba mai laushi a cikin layukan. Da aka ja gilashin, tsaga ba ta bi son ranta ba, ta bi hanyar da aka shata mata, kuma kafin ɓangarorin su rabu sai da kowane haƙori ya kokawa da ramin da yake ciki. Sun ba da rahoton cewa juriyarsa ta ninka ta gilashin da ba a taɓa ba sau 200. Amma a lura, Malam, nauyin da yake ɗauka kafin ya fara buɗewa bai kai na lafiyayyen gilashi ba. An sayar da wani kaso na ƙarfi ne aka sayi juriya mai yawa, kuma labaran da ke yawo a waya sukan tsallake wannan ɓangaren.

Akwai wata hanyar ta daban wadda ta fi kusa da sana'arka, inda babu laka ko danƙo ko kaɗan, siffar bulon ce kaɗai take riƙe shi. A 1699 wani injiniyan Faransa, Joseph Abeille, ya gabatar da tsarin rufin dutse shimfiɗaɗɗe, ba mai doro irin bakan gizo ba, wanda duk duwatsunsa siffarsu ɗaya, an karkata gefunansu ta yadda kowane dutse yana kwance a kan maƙwabta biyu, wasu biyu kuma suna kwance a kansa. Bayan ƙarni uku, a 2001, Arcady Dyskin da Yuri Estrin da Elena Pasternak da Alexei Kanel-Belov suka farfaɗo da wannan tunani a matsayin hanyar ƙera kayan aiki. Sun nuna cewa gutsattsari masu siffar dala mai fuska huɗu, idan aka jera su ta wata hanya, suna kulle juna har a samu faifan da yake lanƙwasa ba ya karyewa ko da an yi gutsattsarin da abu mai gautsi, kuma ko an zare wasu daga ciki sauran ba sa zubewa.

Sharaɗi guda ne a kan duk wannan, kuma kai ka fi ni saninsa. Intalok ba ya zama sai da gajeren shingen kankaren nan da ake zubawa a gefe. Ranar da shingen ya karye, bulon gefe ya fara buɗewa, yashi ya zurare da ruwan sama, cikin damina ɗaya aikin ya wargaje. Rufin Abeille ma haka yake, yana tura bangon da ke kewaye da shi da ƙarfi, faifan masana na zamani kuma dole a ɗaure shi da firam ko a ratsa shi da waya a ja. A ganina wannan ne ya sa dabarar ba ta bazu yadda aka yi zato ba, domin duk ƙwarin da aka samu a tsakiya, amanarsa tana hannun gefe.

Tambaya daga wata ɗalibar sakandare a Maraɗi: Malam, na ga wani bidiyo inda mota ta taka wani baƙin ƙwaro amma ya tashi ya ci gaba da tafiya. Ƙawayena sun ce haɗi ne na kwamfuta. Gaskiya ne ko ƙarya?

Amsa: 'Yata, ba zan iya yin shaida a kan bidiyon da ban gani ba, amma ƙwaron gaskiya ne, kuma an taɓa taka shi da mota a gwaji ya rayu. Sunansa na kimiyya Phloeodes diabolicus, yana zaune a yammacin Amurka, musamman jihar Kalifoniya, inda yake laɓewa a ƙarƙashin ɓawon itatuwa yana cin naman gwari. Ba ya tashi sama, saboda haka ba shi da hanyar tsere wa tsuntsu ko ƙadangare illa ya lafe kamar matacce ya bar wa bayansa aiki. Masu tara ƙwari sun daɗe da sanin cewa allurar da suke soke sauran ƙwari da ita lanƙwashewa take yi a bayansa.

A 2020 ayarin David Kisailus na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, tare da ayarin Pablo Zavattieri na Jami'ar Purdue, suka wallafa bincikensu a mujallar Nature. Sun matse ƙwaron tsakanin faranta biyu na ƙarfe suka ga yana jure nauyin da ya kai kusan kilo 15, wato kimanin ninki 39,000 na nauyin jikinsa. Sirrin da ya fi jan hankalinsu yana tsakiyar bayansa, inda murafan fukafukansa biyu suka haɗu. A sauran ƙwari irin su buzuzu waɗannan murafan suna buɗewa idan za a tashi, amma a wannan sun kulle har abada da wani ɗinki na haƙora masu kumburarren kai da suka shige cikin juna. Kowane haƙori kuma ba dunƙulalle ba ne, hawa-hawa yake kamar albasa. Idan aka ja shi da ƙarfi, maimakon ya tsinke a wuya, wanda nan ne ya fi siranta, sai hawa-hawan nan su ɗan ɗaye daga juna, haƙorin ya kumbura a cikin raminsa, riƙon ya ƙara tsauri.

Abin da ya sa injiniyoyi suka damu da wannan shi ne matsalar haɗa kaya biyu da ba jinsi ɗaya ba, misali ƙarfe da faifan zaren kabon, wani abu mai ƙarfi marar nauyi, a jikin jirgin sama. Yanzu da ƙusa ko noti ko gam ake yi, ramin ƙusa kuwa wuri ne da tsaga take son farawa. Masu binciken sun kwaikwayi ɗinkin ƙwaron suka haɗa ƙarfe da zaren kabon, suka ga mahaɗar ta fi wadda aka yi da ƙusar da aka saba amfani da ita juriya.

Tambaya daga wani mahayin doki a Katsina: Ranka ya daɗe, a gidanmu muka gāji sulke, kuma ni nake sa shi a hawan salla. Wani ya gaya mini Turawa sun ƙirƙiro sulken da yake laushi kamar riga, amma idan an so sai ya sandare kamar katako. Me ya bambanta shi da namu?

Amsa: Allah ya ja zamanin gidanku. Sulke tsohon abu ne a ƙasar Hausa, domin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15, a matsayin wanda ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙi. Hikimarsa ita ce zobba ba a manne suke ba, a sarƙe suke, kowanne yana da 'yancin juyawa amma ba shi da 'yancin fita, shi ya sa kaifin takobi ba ya ratsa shi alhali mahayi yana iya ɗaga hannu.

Wanda aka ba ka labari an yi shi ne a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wato Caltech, a ɗakin binciken Farfesa Chiara Daraio, aka wallafa a 2021. Bambanci na farko shi ne siffa. Zoben sulkenku shimfiɗaɗɗe ne, nasu kuwa kowane ƙwaya kamar ɗan keji yake mai fuska takwas, da sanduna da kusurwoyi, an fitar da su a sarƙe da juna daga na'urar da ke ƙera abu hawa bisa hawa, da robar nailan. Bambanci na biyu shi ne an sa shimfiɗa biyu na wannan sulke a cikin jakar leda. Muddin akwai iska a jakar, yana naɗuwa kamar mayafi. Da zarar an zuƙe iskar, ledar ta matse ƙwayoyin, kusurwar wannan ta cusa cikin ramin wancan, wuraren da suke taɓa juna suka ninka, sai ya sandare har taurinsa ya ninka na da fiye da sau 25. Idan aka mayar da iska ya koma yadda yake.

Ka san buhun gero da aka cika rabi yadda yake saɓuwa a kafaɗa ya lanƙwashe, da kuma wanda aka cika aka danna aka ɗinke bakinsa tam, wanda mutum zai tsaya a kai bai nutse ba. Geron bai canza ba, wurin motsi ne ya ƙare masa. Abin da sarƙewar ta ƙara shi ne, gero yana jure danniya ne kawai, ja ɗaya zai watse, amma ƙwayoyin da ke sarƙe suna jure ja da lanƙwasawa. Ana tunanin amfani da shi wajen ɗaurin karaya wanda za a iya sassautawa idan kumburi ya sauka, da rigunan da ke tallafa wa bayan masu ɗaukar kaya.

Masana sinadarai ma sun bi wannan sawu har zuwa inda ido ba ya kaiwa. Jean-Pierre Sauvage na Faransa ya samo hanyar sarƙe ƙwayoyin sinadari biyu masu siffar zobe a 1983, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 2016 da Fraser Stoddart da Ben Feringa. A farkon 2025 kuma ayarin William Dichtel na Jami'ar Northwestern a Amurka ya sanar da wani faifai na ƙwayoyin sinadari masu sarƙe juna, mai ɗauke da sarƙa kusan tiriliyan 100 a kowane murabba'in santimita.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Zangon Kumasi: Malam, ina sayar da gilashin waya da na tagogi. Yaushe irin wannan gilashi da ba ya fashewa zai shigo kasuwa, don kada a bar ni a baya?

Amsa: Alhaji, kada ka riƙe jarinka kana jira. Da farko dai babu gilashin da ba ya fashewa, akwai dai wanda yake fashewa a wuri ɗaya ya tsaya nan. Na biyu, abin da aka yi a ɗakin gwaji yawanci bai wuce tafin hannu ba, kuma zana dubban layuka da leza, ko jera miliyoyin gutsattsari kowanne a mazauninsa, aiki ne mai cin lokaci da kuɗi idan aka kwatanta da narka yashi a zuba. Halittar teku tana gina ɓawonta falle bayan falle tsawon shekaru, masana'anta kuwa tana son dubban faifai kafin a tashi aiki. Hanyoyin da ake gwadawa don gaggauta jerin sun haɗa da girgiza gutsattsarin har kowanne ya faɗa gurbinsa, da jan su da maganaɗisu, da daskarar da ruwan da aka dama garin tangaran a ciki domin ƙanƙarar ta tura garin ya jeru falle-falle, wadda ayarin Robert Ritchie na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi amfani da ita a 2008.

Ga mai sana'a irin taka akwai ƙarin matsala, domin duk layin da aka zana a cikin gilashi yana iya karkatar da haske, kuma mai waya ba zai yarda da allo mai hazo ba. Ayarin McGill ya matsa gaba a kan wannan a 2019, inda ya jera siraran gilasai da aka yanka ƙananan fallaye, da roba mai haske a tsakaninsu, ya samu faifan da ake gani ta cikinsa, wanda juriyarsa ga duka ta ninka ta gilashin mota mai leda a tsakiya sau biyu zuwa uku. Inda nake sa ran za a fara ganin irin waɗannan kaya shi ne wuraren da tsada ba ta hana saye, kamar jiragen sama, rigunan kariya daga harsashi da kayan dashe na asibiti. Gilashin gaban mota da ake da shi yanzu, wanda yake falle biyu da leda a tsakani, shi ne mafi kusa da su a cikin abin da za ka iya sarowa a bana, kuma idan mai gini ya zo neman na ƙofar shago ko na bene, shi ya kamata ka nuna masa kafin na falle ɗaya.